Agogon bango na katako yana tsayawa bayan 'yan makonni: laifin inji ne ko na katako?

MaiZarto22:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar aikin katako. Ga wata matsala da nake so mu tattauna. Faifan agogo ne na katako guda, faɗinsa santimita 30, kaurinsa milimita 20, an sa masa ƙaramin inji mai batir ɗaya. Da farko yana tafiya lafiya lau, bayan sati uku ko huɗu sai ya fara tsayawa, kuma kusan kullum hannun minti yana wajen tara ne idan ya tsaya. A canja batir, ya yi kwana biyu, ya sake tsayawa. Wasu na cewa injunan ne ba su da ƙarko. Ni kuwa ina ganin katakon ne ke motsi. Me kuka gani?

Sarkin_Awo:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi gardama, a gwada. Sauke agogon daga bango, ka kwantar da shi a kan tebur, fuskarsa na kallon sama, ka bar shi ya kwana. Idan ya yi ta tafiya a kwance ba tsayawa, to inji ne ke kasa ɗaga hannun: daga shida zuwa sha biyu hannu hawa yake yi, kuma a daidai tara ne nauyinsa ya fi danne injin, domin a nan yake miƙe a gicciye. Idan kuwa a kwance ma ya tsaya a wuri ɗaya, to gogawa ce, wani abu na taɓa wani abu.

MaiGyaranAgogo:
Gwajin Malam Sarkin_Awo shi ne na farko. Na biyu, ka kalli agogon daga gefe, idonka daidai da fuskarsa, ka juya ɗan faifan saiti da ke bayan inji a hankali har hannun minti ya zagaye sau ɗaya. Wurare uku ake samun gogawa: bakin hannun minti da fuskar katako, hannun awa da lambobi idan masu tudu ne, sai hannun minti da na awa a lokacin da suke giftawa. Tsakanin kowane hannu da ɗan uwansa a samu ratar milimita 2 aƙalla. Kuma don Allah a daina tura hannun da yatsa don saita lokaci. Giyoyin da ke ciki, wato 'yan ƙafafun nan masu haƙora da ke juya juna, na roba ne, ba sa jure wannan.

Tsohon_Kafinta:
Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka. Silin katakon, wato layukan da ke bin tsayin itacen a jikinsa, ina ya dosa? Daga sha biyu zuwa shida, ko daga tara zuwa uku?

MaiZarto22:
Daga sha biyu zuwa shida, Baba.

Tsohon_Kafinta:
To ka ga inda zargi ya faɗa. Katako ba ya tsukewa a tsayinsa sai abin da ba a rasa ba, a faɗinsa yake aikinsa. Idan sili ya tashi daga sama zuwa ƙasa, gefen uku da gefen tara su ne za su ɗago idan ya banƙare, tsakiya ta lotsa kamar akushi. Hannun minti shi ne mai tsawo, shi ke kaiwa baki, sai ya tarar da tudu a gabansa. Abin da ya sa yake wuce uku ya tsaya a tara shi ne, a uku gangara yake yi, nauyinsa na taimakonsa ya kutsa, a tara kuwa ga hawa ga gogawa. Ɗora rular ƙarfe a kan fuskar daga tara zuwa uku, ka duba haske a ƙarƙashinta. Idan ka ga rata ta kai milimita 2 a tsakiya, magana ta ƙare.

Dan_Gizago:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara lissafi don a san girman abin. Katakon da aka yanka a shimfiɗe, wato wanda zoben shekarunsa ke kwance a bakinsa kamar baka, faɗinsa na canjawa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk lokacin da danshin jikinsa ya canja da kashi 4. A faifai mai milimita 300, milimita 3 ke nan. Kuma ba daidai yake tsukewa ba: tsukewar da ke bin zoben shekaru ta kusan ninka wadda ke tasowa daga zuciya zuwa ɓawo. Wannan bambancin ne ke banƙara shi. Yayin da yake bushewa zoben na neman miƙewa, sai ɓangaren ɓawo ya lotsa, ɓangaren zuciya ya yi ƙusumbi.

Saboda haka idan dole sai an yi da katako guda, a mai da ɓangaren zuciya ya zama fuska. In ya bushe, bakinsa baya zai ja, ya guje wa hannun.

'YarSanfefa:
Malam Dan_Gizago, wannan dabarar na aiki ne idan katakon bushewa zai ƙara yi. Idan an yi aikin a lokacin da iska ta bushe ƙayau, daga baya laima ta shigo, juyawa zai yi ta ɗaya ɓangaren, a koma gidan jiya. Abin da na ga an fi sakaci da shi shi ne bayan agogo. A shafe fuska da banish shafi uku, a bar baya tsirara don wai ba a gani. To bayan ne zai riƙa shan laima yana amayarwa shi kaɗai, fuska na rufe. Ko katako ya bushe yadda ya kamata, wannan kaɗai ya isa ya lanƙwasa shi. Shafi nawa aka yi wa fuska, a yi wa baya da baki adadinsa, har cikin ramin inji.

Dan_Gizago:
Na karɓi gyara, Hajiya. Haka ne.

MaiRauta:
Ni ban yarda a riƙa yi da katako guda ba sam, in dai faɗin ya wuce santimita 20. A tsaga shi gida huɗu ko biyar, kowane milimita 60 zuwa 75, a juya na biyu da na huɗu ta yadda zoben shekarun ɗaya na kallon sama, na kusa da shi na kallon ƙasa, sannan a haɗe da farin gam. Kowane zai yi ɗan motsinsa, amma suna karya lagon juna. A gyara bakunan har su haɗu ba haske, a shafa gam siriri, a matse da kilam uku, wato ƙarfen matse katako, biyu a ƙasa ɗaya a sama don kada matsin ya tasa tsakiya. Awa ɗaya ya isa a kwance kilam, amma kada a kai shi ga injin aikin katako sai ya cika awa 24. Idan tik ne ko wani katako mai maiƙo, a goge bakin da asiton kafin a sa gam, in ba haka ba wata rana zai rabu a daidai haɗin.

Inna_MaiFenti:
Amma ai kyan agogon katako shi ne zanen jikinsa ya tafi bai yanke ba. Idan an tsattsaga an juya, zanen ya watse, ya zama kamar allon yanka nama.

MaiRauta:
Gaskiya ne, akwai wannan asarar. Mafita biyu ce. Ko a nemi katakon da aka yanka ta yadda zoben ke tsaye a bakinsa, wanda motsinsa kusan rabin na wancan ne kuma ba ya cika banƙarewa, ko a yi ƙashin agogon da filawud mai kauri milimita 12 zuwa 18, a manna siririn katako mai kyan zane a fuska. In an manna a fuska, a manna wani a baya, ko da mara kyau ne, saboda dalilin da Hajiya 'YarSanfefa ta faɗa.

Tsohon_Kafinta:
Akwai ta uku, ta mutanen da. A ɗaura sanduna biyu a baya, a gicciye da sili, ɗaya sama da inji ɗaya ƙasa. Amma ba da gam ba. Da sukuru ake yi, na tsakiya a rami daidai, na gefe a ramuka masu tsawo don faifan ya samu wurin numfashi. Wanda ya manne su da gam, ya hana katako motsi, katako kuwa in an hana shi motsi darewa yake yi.

MaiGyaranAgogo:
Kun tafi ga katako gaba ɗaya, bari in dawo da ku ga inji, domin shi ma ana zaluntarsa. Wannan ƙaramin injin faɗinsa milimita 56 ne ta kowane gefe, kaurinsa wajen 16. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, ana raba wannan adadin biyu-biyu har sau 15 ya koma bugu ɗaya a daƙiƙa, bugun ya juya ɗan maganaɗisu. Kuskurensa bai cika wuce rabin minti a wata ba. Lokaci dai ya iya, ƙarfi ne ba shi da shi. An yi shi ne don hannuwan alminiyam marasa nauyi. Da zarar hannun minti ya wuce kamar santimita 13 zuwa 15, ko an yi shi da katako mai kauri, sai a nemi inji mai ƙarfin juyi, wanda ake yi musamman don manyan hannuwa.

Sai maganar noti. Ana sa woshar roba a baya tsakanin inji da katako, woshar tagulla a gaba, sannan noti. A ɗaure da yatsu, a ƙara ɗan kaɗan da filaya, shi ke nan. Idan aka murɗe da ƙarfi, jikin injin na roba ne, yana ɗan karkacewa, giyoyin ciki su matse. Irin wannan agogon ma zai yi ta tafiya yana tsayawa, a ce inji ne mara kyau.

MaiZarto22:
Malam, hannuwan na katako ne, kaurin milimita 3, na minti tsawonsa santimita 13.

MaiGyaranAgogo:
To ka ga kana kan iyaka. Milimita 3 ya yi kauri. Ka rage shi zuwa 1 ko 1.5, ko ka manna siririn katako a kan hannun alminiyam ɗin da ya zo da injin, ka ga ka tsira da ramin tsakiya ma, domin ramin hannun minti ba zagaye ba ne a injuna da yawa, yana da gefe biyu a miƙe. Ko kuma ka bar masa wutsiya a bayan tsakiya mai ɗan nauyi, ta yadda in ka ɗora shi a kan allura a daidai ramin zai tsaya bai rinjaya ba. Hannun da aka daidaita haka, injin ba ya jin hawa ko gangara.

Sarkin_Awo:
Tunda an zo kan hannuwa: ba kowane hannu ke shiga kowane inji ba. Akwai waɗanda ake dannawa kawai su kama, akwai masu ƙaramin noti a kan na minti, kuma girman ramukan ya bambanta daga wani kamfani zuwa wani. A sayi inji da hannuwansa tare. Wajen ɗaurawa kuma, na awa tukuna yana kallon sha biyu, sai na minti shi ma a sha biyu, sai noti, sai na daƙiƙa. Sannan a juya saiti zuwa ƙarfe shida a duba: in na minti na kan sha biyu, na awa dole ya zauna cif a kan shida.

Sabon_Shiga:
Ranku ya daɗe, ni sabo ne. Ta yaya inji mai ɗan gajeren wuya zai ratsa katako mai milimita 20?

MaiRauta:
Ba ya ratsawa, ƙanena, rami ake yi masa a baya. Ka fara da auna tsawon tiredin da ke wuyan injin, wato inda noti ke murɗawa. Kaurin katakon da zai rage a gaba ya zama ƙasa da tiredin da milimita 3, don wosha da noti su samu wurin kamawa. Misali tiredi milimita 9 ne, to ka bar 6, wato a katako mai 20 za ka haƙa 14.

Ga yadda ake bi. Ka huda tsakiya da siririn baki mai milimita 3 ya fita ta ɗaya gefen, shi ne zai zama madogararka a komai. Ka kifa faifan. Injin murabba'i ne mai 56, daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai 79, don haka bakin Forstner, wato faffaɗan bakin dirila mai haƙa zagayayyen rami, mai milimita 82 zai ɗauke shi. Irin wannan babban bakin a dirilar tsaye ake amfani da shi, a gudu mafi ƙanƙanta, kamar juyi 250 zuwa 400 a minti, katako a ɗaure da kilam. Kana shiga kana ɗagowa don ɓarɓashi ya fita, in ba haka ba ya yi zafi ya ƙona katakon. In ba ka da shi, ka yi ramin murabba'i mai 60 da rauta, wato injin hannu mai ƙwaƙule katako, kana sauka milimita 3 zuwa 4 a kowane zagaye. Daga ƙarshe ka juyo fuskar, ka faɗaɗa ramin tsakiya zuwa milimita 8, ko abin da wuyan injinka ya nema. Daga fuska ake hudawa, da wani guntun katako a ƙasa, don in za a samu ɓantarewa ta faɗa a baya.

Tsohon_Kafinta:
A ƙara da cewa gindin ramin ya zama shafe. In yana da tudu a gefe ɗaya, injin zai zauna a karkace, wuyansa ya fito a karkace, hannu ya yi nesa da fuska a wani gefe ya goge ta a ɗaya gefen. Wannan ma na iya zama ciwon agogon MaiZarto22, ba sai katako ya motsa ba. Kuma a bar wurin da yatsa zai shiga ya ciro batir. Ana mantawa da wannan sosai.

Inna_MaiFenti:
Game da batir, kada a sa mai caji. Ƙarfinsa bolt 1.2 ne, injin kuwa 1.5 yake so, sai ya riƙa yin kamar batir ya kusa ƙarewa tun ranar farko. Kuma injin da hannun daƙiƙarsa ke sulalewa shiru ba ƙas-ƙas ya fi cin batir.

Sabon_Shiga:
Na gode. To rabon lambobi fa? Ina ganin agogo da yawa da ɗaya da biyu suka matse, huɗu da biyar suka buɗe.

Sarkin_Awo:
Saboda da ido aka raba. Da'ira digiri 360 ce, kowace awa 30, kowane minti 6. Ba sai da ma'aunin kusurwa ba, kamfas ya isa. Zana da'irar da lambobi za su hau. Ja layi daga sha biyu zuwa shida ta tsakiya, ja wani a gicciye daidai, ka samu tara da uku. Kada ka taɓa buɗin kamfas ɗin, ka bar shi yadda ka zana da'irar. Kafa tsininsa a sha biyu, ka yi alama hagu da dama a kan da'irar: goma da biyu ke nan. Kafa a shida: takwas da huɗu. Kafa a uku: ɗaya da biyar. Kafa a tara: sha ɗaya da bakwai. Ka gama, ba lissafi.

Don tabbatarwa, tazarar da ke tsakanin alama da alama a miƙe ita ce rabin faɗin da'irar sau 0.518. In rabin faɗin milimita 120 ne, kowace tazara 62 ce. Ka yi wannan a kan kwali, ka huda alamun, ka ajiye shi ya zama ma'auninka na kullum. A nan ne ramin milimita 3 da Malam MaiRauta ya ambata ke da amfani: ƙusa ɗaya ta ratsa kwali da katako, tsakiyarsu ta zama ɗaya. Shi ya sa ake raba lambobi kafin a faɗaɗa ramin.

'YarSanfefa:
Hannun minti ya kai bakin alamun minti, na awa kuma kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Idan sun kusa zama daidai, daga nesa ba a bambance su. Kuma katako mai duhu kamar madaci ko walnut, a sa masa hannu mai haske. Agogon da sai an matso kusa ake karanta shi bai yi aikinsa ba, komai kyansa.

Lilo994:
Masu son lambobin Romawa su lura, a fuskar agogo an fi rubuta huɗu da IIII maimakon IV. Ba kuskure ba ne, tsohuwar al'adar masu ƙera agogo ce, kuma tana daidaita nauyin gani da VIII da ke ɗaya gefen. Amma ba doka ba ce, babban agogon majalisar dokokin Birtaniya da ke Landan IV ne a jikinsa.

Sai dai ni abin da ke damuna da wannan muhawarar, duk muna magana ne a kan faifan katako da aka manna wa injin roba. Agogon katako na gaskiya shi ne wanda giyoyinsa ma katako ne, nauyi ke jan sa, lilo, wato sandar nan mai nauyi a ƙasa da ke kai da komo, ke riƙe masa lokaci. John Harrison na Ingila kafinta ne kafin ya zama mai agogo, agogonsa na farko a 1713 giyoyinsa na itacen oak ne. Wanda ya yi wa gidan Brocklesby Park wajen 1722 ya sa masa wani itace mai maiƙo a jikinsa a wuraren gogawa, har ba ya buƙatar mai. A Amurka kuma Eli Terry ya ƙera dubban agogo masu injin katako a farkon shekarun 1800. Ba sabon abu ba ne.

MaiRauta:
Malam Lilo994, ba wanda ya musa, amma mai tambaya faifansa ne ya tsaya. Wanda bai gama da banƙarewar faifai ɗaya ba, ka tura shi ga giya shida?

Lilo994:
Ai ciwon ɗaya ne, shi ya sa na kawo. Giyar da aka yanka daga katako guda, in laima ta canja, ba ta zama zagayayya kuma, ta koma kamar ƙwai, domin ta tsuke a faɗi ba ta tsuke a tsayi ba. Haƙoran sai su cije a wuri biyu a kowane juyi. Ga shi kuma haƙoran da sili ya ratsa a gicciye karyewa suke yi. Shi ya sa masu yin wannan aikin a yau suke amfani da filawud na birch mai shimfiɗa da yawa, milimita 6 zuwa 12.

Ga lissafin ga mai sha'awa. Lilon da ke bugu ɗaya a daƙiƙa tsawonsa milimita 994 ne, daga inda aka rataye shi zuwa tsakiyar nauyinsa. Da irin wannan lilon, giyar da ke sakin bugu mai haƙora 30 za ta juya sau ɗaya a minti, domin kowane haƙori bugu biyu yake ci. Daga ita zuwa sandar hannun minti ana neman ragi 60, wato ta juya sau 60 sandar ta juya sau ɗaya: giya mai 64 a kan ƙarama mai 8 ta ba da 8, mai 60 a kan mai 8 ta ba da 7.5, a ninka su 60 ke nan. Daga hannun minti zuwa na awa ragi 12: mai 10 ta ja mai 30, mai 8 ta ja mai 32. An zaɓi waɗannan ne don jimlar kowane biyu 40 ce, sai tazarar sandunansu ta zama ɗaya in girman haƙoran ɗaya ne.

Saiti kuma da noti a ƙasan lilo ake yi. A ɗaga nauyin, agogo ya ƙara sauri, a sauke shi ya rage. A lilo mai 994, milimita 1 kacal na canja kusan daƙiƙa 43 a yini, don haka kwatan juyi ake yi wa notin, a jira kwana ɗaya a gani.

MaiGyaranAgogo:
Lissafin daidai ne. Abu biyu zan ƙara. Kada a shafa wa haƙoran banish ko mai. Banish na danƙo, mai na tara ƙura ya kumbura katako. A goge su da sanfefa mai lamba 400, in ana so a ɗan goga bakin fensir. Sanduna kuma na ƙarfe, su juya a cikin bututun tagulla. Na biyu, lilon da ake gani a ƙarƙashin agogo mai batir ado ne kawai, maganaɗisu ke kaɗa shi, ba ruwansa da lokaci. Kada wani ya ɓata yini yana saita tsawonsa.

Dan_Gizago:
Mu koma ƙasa kaɗan. Masu yin agogo da gunduwar itace da aka yanka a gicciye, mai ɓawo a baki, su san cewa darewa kusan dole ce. Dalilin shi ne wanda na faɗa a sama: zagayen na son tsukewa fiye da yadda tsakiya za ta bari, sai ya tsage daga baki zuwa zuciya. Ana rage abin ne kawai. A shafe fuskokin biyu da kakin zuma ko farin gam tun yana ɗanye don ya bushe a hankali, a ajiye a inuwa da iska na ratsa sama da ƙasa. Wasu kan yanka shi da zarto sau ɗaya daga baki zuwa tsakiya, su zaɓa masa inda zai buɗe, in ya gama buɗewa a cike da gam ɗin ifoksi ko a sa tsinin katako mai wani launi. A daidaita tsagar ta faɗa a kan sha biyu ko shida, sai ta zama kamar da gangan.

In ba na'urar auna danshi, a yi amfani da sikeli. A auna nauyinsa duk sati a rubuta a jikinsa. Ranar da ya yi sati uku a jere nauyin bai sauka ba, a cikin irin ɗakin da za a rataye shi, ya daidaita. Mai na'ura kuma ya nemi kashi 8 zuwa 12, gwargwadon laimar wurin.

Inna_MaiFenti:
Wajen gamawa: sanfefa 80, 120, 180, 220, kada a tsallake lamba, kuma a bi sili. Bayan 180 a shafa tsumma mai ɗan ruwa, a bari ya bushe, gashin katakon zai tashi, 220 ta kwashe shi. Kafin a shafa komai a cire inji, kuma a toshe ramin tsakiya da takarda don banish kada ya taru ya rage shi. Mai amfani da man linsid, tsumman da ya shafa da shi kada ya dunƙule ya jefa a kwandon ɓarɓashi. Yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe a waje, ko a nutsa a ruwa.

Sarkin_Awo:
Rataya ma na da hannu. Ɗan maratayin roba da ke jikin inji na agogo mara nauyi ne. Faifan madaci ko iroko mai milimita 20 in aka rataye shi da shi, duk nauyin na bi ta wuyan inji da noti, a hankali wuyan ya sunkuya, hannu ya fara gogar fuska. A yi wa katakon nasa maratayin, ramin makulli da rauta ko na ƙarfe mai sukuru biyu, a kan layin sha biyu da shida cif. In ya kauce ko da milimita 3, agogon zai zauna a karkace. A sa 'yan ƙafafun roba biyu a ƙasa ta baya don iska ta ratsa tsakaninsa da bango, musamman bangon da ke riƙe sanyi.

MaiZarto22:
Na yi gwaje-gwajen. A kwance ya yi awa 14 bai tsaya ba. Amma da na ɗora rula daga tara zuwa uku akwai rata a tsakiya, kusan milimita 2, kuma bayan ba a shafa masa komai ba. Da maratayin inji ma aka rataye shi.

MaiGyaranAgogo:
Tunda ya tafi a kwance, nauyin hannu ne. Rage kaurinsa ko ka canja inji zuwa mai ƙarfin juyi.

Tsohon_Kafinta:
Ban yarda ba tukuna, Malam. A kwance ba abin da ke jan wuyan injin, ratar ta dawo, kuma ɗan gogawar da ba ta isa ta tsai da hannu a kwance ba tana iya tsai da shi a hawa. In nauyin hannu ne kaɗai, me ya sa ya yi sati uku lafiya?

MaiGyaranAgogo:
Saboda batir sabo ne a lokacin, Baba. Sabon batir ya ɗan haura 1.5, da ya sauka kaɗan sai ƙarfin ya gaza.

Tsohon_Kafinta:
Ai ya ce ya sa sabo, kwana biyu kawai ya yi, ba sati uku ba. Wani abu ya canja tsakanin batir na farko da na biyu, kuma ba hannun ba ne.

Sarkin_Awo:
A raba gardamar da abu ɗaya a lokaci ɗaya. MaiZarto22, ka shafa bakin fensir a ƙarƙashin ƙarshen hannun minti, ka manna farar takarda siririya a fuskar wajen tara, ka mayar da shi bango yadda yake. In takardar ta ɗauki baƙi, gogawa ce. In ba ta ɗauka ba kuma ya tsaya, ka cire hannuwan katakon ka sa na alminiyam, kada ka taɓa komai bayan wannan, ka ba shi sati ɗaya da batir ɗin da ke ciki.